Yadda Ake Koyar da Turanci ta Bidiyo a Intanet, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga malamai da masu shirin zama malamai: mutum ya iya Turanci, wataƙila ma ya daɗe yana koyar da shi a aji, yanzu kuma yana so ya koma koyarwa ta Zoom ko YouTube. Daga ina zai fara, me zai saya, me zai bari sai gaba? Ga amsar nan a jere, yadda aikin yake tafiya.

Akwai abu guda da ya kamata ka riƙe tun yanzu, domin duk matakan a kansa suka dogara. Kyamara tana sa malami surutu. Da zarar ya ga fuskarsa a allo sai ya yi ta zuba bayani, ɗalibi kuwa ya koma ɗan kallo yana gyaɗa kai. Harshe kamar tuƙin mota yake, ba a iya shi daga kujerar fasinja. Don haka raba aikinka gida biyu: bayani ya tafi cikin bidiyon da ka naɗa, ɗalibi ya kalla shi kaɗai sau nawa ya ga dama, lokacin da kuke tare kai-tsaye kuma ya zama na bakinsa ne.

1. San wanda za ka koyar

Kafin ka sauke wata manhaja, ka yanke shawara a kan ɗalibinka. Yaro ɗan shekara takwas, da ma'aikaciyar jinya mai shirin jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci, da ɗan kasuwa mai son ya iya ciniki da abokan hulɗarsa na ƙetare, duk Turanci suke nema amma darasinsu bai haɗu ko'ina ba. Ɗauki rukuni ɗaya ka fara da shi.

Ana auna matakin ɗalibi da ma'aunin CEFR, wanda ya raba iya harshe gida shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. A1 shi ne ɗan fari, C2 shi ne wanda ya ƙware. Littattafai da shafukan koyarwa kusan duk da wannan ma'auni suke yi wa kayansu lamba, shi ya sa saninsa yake rage maka wahalar neman abin karantarwa.

Ware minti 15 zuwa 20 na haɗuwar farko don gwaji da baki. Hau da tambayoyin kamar tsani: sunansa da aikinsa, abin da ya yi jiya, abin da yake shirin yi baɗi, ra'ayinsa a kan wani lamari, sannan abin da zai yi da a ce kaza ta faru. Inda ya fara sarƙewa, nan ne matakinsa.

Gargaɗi: kada ka dogara da abin da ɗalibi ya faɗa game da kansa, kuma kada ka dogara da gwajin rubutu kaɗai. Da yawa sun kai B2 a karatu amma A2 suke a magana, domin shekara da shekaru nahawu aka cusa musu ba a taɓa barinsu sun buɗe baki ba.

2. Zaɓi dandali

Dandalin iri uku ne, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko, na darasi kai-tsaye: Zoom, Google Meet, Microsoft Teams. Zoom na kyauta yana yanke zama a minti 40 ko da ku biyu ne, amma yana barinka ka naɗi darasin a kwamfutarka, ka kuma raba ɗalibai zuwa ƙananan ɗakuna. Google Meet na kyauta yana ba da awa ɗaya idan kun kai mutum uku, idan ku biyu ne kuma kuna iya kaiwa har awa 24, sai dai naɗar darasi da raba ɗakuna na masu biyan kuɗi ne. Idan ka ci karo da tsofaffin jagorori suna cewa Skype, ka wuce, an rufe shi a watan Mayun 2025.

Na biyu, na bidiyon da aka naɗa, wanda YouTube ne jagabansa. Nan za ka ajiye bayanin nahawu da na furuci, nan kuma sababbin ɗalibai za su fara ganinka. TikTok da Instagram suna da amfani wajen jawo hankali, amma ba a gina karatu mai tsari a kansu.

Na uku, kasuwannin da suke haɗa malami da ɗalibi, irin su italki, Preply da Cambly. Su za su kawo maka ɗalibai, su karɓi kuɗi, su cire rabonsu. A italki an raba malamai biyu, masu takardar shaidar koyarwa da masu taya hira. Wasu kamfanonin suna neman digiri ko takardar TEFL, wato shaidar horon koyar da Turanci, ta awa 120, wasu kuma suna taƙaita ƙasashen da suke ɗauka. Karanta sharuɗɗan kafin ka ɓata kwanaki kana cike fom.

Ga mai farawa da ɗalibi ɗai-ɗai, Google Meet da tashar YouTube sun isa, kuma ba za ka biya ko kwabo a kansu ba. Ga mai rukuni, Zoom ya fi.

3. Kayan aiki, kuma sauti ne a gaba

Ɗalibi zai jure hoto mai hazo, amma ba zai jure murya mai shaƙewa ba, domin kunnensa bai riga ya saba da harshen ba. Wanda ya iya Turanci yana cike giɓin abin da bai ji ba da kansa. Ɗan koyo ba shi da abin cikewa. Idan harafin ƙarshe na "walked" ya ɓace a hanya, to a wurinsa bambancin jiya da yau ne ya ɓace.

Ga yadda za ka jera sayayya idan kuɗi kaɗan ne:

Farko, abin sauraro na kunne mai haɗe da makirufo, mai waya. Mai wayar ya fi na Bluetooth, saboda na Bluetooth yana rage ingancin sauti da zarar an kunna makirufonsa, yana ƙara jinkiri, kuma cajinsa yana ƙarewa a tsakiyar darasi. Sa makirufon a gefen baki, kamar faɗin yatsu biyu daga leɓe. Idan ya tsaya daidai saitin baki, duk "p" da ka furta sai ta buga kamar an hura iska. Idan makirufo na kan tebur ne, tazarar santimita 15 zuwa 20 ta yi.

Na biyu, hanyar intanet ta ko-ta-kwana. Na uku, haske. Kyamara ce ta ƙarshe, ta kwamfuta ko ta waya ta wadatar.

Ɗaki ma kayan aiki ne. Ɗakin da babu komai a ciki, bango da tayil kawai, yana amsa-kuwwa. Labule, darduma, katifa, kabad ɗin littattafai, duk suna shanye sauti. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin, idan ka ji ƙarar ta dawo maka, ƙara kayan yadi.

Batun haske kuwa gajere ne: fuskanci taga, kada ka ba ta baya. Da dare sa fitila a bayan kwamfutar, ta ɗan fi kanka tsawo. Ɗora kwamfutar a kan littattafai har kyamarar ta zo daidai idonka, kuma a ga bakinka sosai, domin ɗalibi da ido ma yake koyon furuci.

Gargaɗi: kada ka yi darasi da lasifikar kwamfuta a buɗe. Muryar ɗalibi za ta fito ta koma makirufonka, manhajar ta shiga ƙoƙarin danne ta, sai ta riƙa yanke farkon maganar kowa. Roƙi ɗalibin shi ma ya sa abin kunne.

4. Intanet da wuta

Gwada saurin layinka a speedtest.net ko fast.com, a daidai lokacin da za ka riƙa koyarwa, domin saurin safe daban yake da na dare. Lambar da ta fi damunka ita ce ta saurin turawa. Zoom yana buƙatar wajen megabit 1.2 a daƙiƙa don bidiyo mai kyau tsakanin mutum biyu, amma ka nemi 3 zuwa 5 don ka sami rara. Layi mai matsakaicin sauri da ba ya yankewa ya fi mai gudu yana tsayawa. Awa ɗaya ta bidiyo tana cin kusan rabin giga zuwa giga ɗaya da rabi, gwargwadon ingancin hoton, sai ka lissafa da wannan idan da data kake aiki.

Kafin kowane darasi: kwamfuta cike da caji, waya cike da caji da data a ciki don jona kwamfutar idan babban layi ya ɗauke, sauran shafuka da manhajoji a rufe. Ku yi yarjejeniya da ɗalibi tun ranar farko cewa idan kira ya yanke, kowa ya sake shiga ta adireshi ɗaya, idan ya ƙi bayan minti uku ku koma kiran murya. Idan layi ya fara rawa, kashe ingancin HD, sannan kashe kyamarar ɗalibi, taka ce ta ƙarshe.

5. Saita manhajar kafin ɗalibi ya shigo

Buɗe zaman gwaji kai kaɗai, ko da wani aboki, ka duba waɗannan:

Kunna ɗakin jira, kuma kada ka baza adireshin darasi a fili. Yi adireshi ɗaya na dindindin ga kowane ɗalibi ko rukuni.

A saitin sauti na Zoom akwai matakin danne hayaniya. Idan ɗakinka shiru ne, sa shi a "Low". Idan yana sama, manhajar takan ɗauki sautuka irin su "s", "f" da "th" a matsayin hayaniya ta gutsure su, alhali su ne kake son ɗalibi ya ji.

Idan ka ɗaga takarda ka ga rubutun a juye, kada ka damu, kai kaɗai kake ganinsa haka. Ɗalibi daidai yake gani.

Buɗe takardar Google Docs ɗaya ga kowane ɗalibi, ku biyu kuna iya rubutu a ciki. Ita ce allonku, ita ce littafinsa. Sabon darasi a sama da kwanan wata, tsofaffi suna gangarawa ƙasa. Wannan ya fi akwatin hira na manhajar, wanda yakan ɓace da an rufe zama.

Gargaɗi: ɗalibai da yawa da waya suke shiga. Rubutun da yake ras a kwamfutarka, a wayarsu tururuwa ne. Girman harafi kada ya gaza 28, layi kada ya wuce biyar ko shida a shafi. Shiga darasinka da wayarka sau ɗaya ka ga abin da suke gani.

6. Naɗi bidiyon bayani

Bidiyo ɗaya, batu ɗaya. "Past simple" gaba ɗaya ya yi yawa. Yadda ake furta "-ed" ta hanyoyi uku, kamar a "worked", "played" da "wanted", wannan bidiyo ɗaya ne cif. Tsawonsa minti 4 zuwa 6. Wani bincike da aka yi a 2014 a kan miliyoyin kallo na darussan edX, wani shafin karatu ta intanet, ya nuna cewa hankalin masu kallo yana raguwa sosai bayan minti shida, kuma wannan ma a harshen da suke ji ne.

Tsarin da yake aiki: a daƙiƙa 15 na farko faɗi abin da mai kallo zai iya yi idan ya gama. Kawo misali cikin ɗan yanayi kafin ka kawo ƙa'ida. Ba da ƙa'idar a taƙaice, a rubuce a allo. Sannan atisaye: faɗi jimla, ka yi shiru na daƙiƙa huɗu ko biyar kana kallon kyamara don ya maimaita. Wannan shirun yana da nauyi a wurin mai naɗa, kuma da yawa sukan yanke shi wajen tacewa. Ka bar shi, shi ne wurin ɗalibi a cikin bidiyon. Rufe da ɗan aiki: jimla uku da zai rubuta ko ya naɗa da muryarsa ya turo maka.

Rubuta ƙashin bayanin kawai, kada ka karanta kalma-kalma, muryar karatu tana fita daban. Yi magana a sarari, a ɗan hankali, amma kada ka wargaza jimla kalma ɗai-ɗai. Ɗalibin da ya saba jin "What, do, you, want" a rarrabe ba zai gane ta ba ranar da ya ji ta a haɗe a bakin masu harshen. Idan ɗalibanka yarensu ɗaya kuma 'yan A1 ne, yi bayanin ƙa'ida da yarensu, misalai da atisaye kuma da Turanci. Daga B1 zuwa sama, Turanci zalla.

Kayan naɗa da tacewa na kyauta sun wadatar: OBS Studio don ɗaukar fuska da allo tare, Shotcut ko CapCut don yanka, Audacity don gyaran sauti. Kwantar da wayar idan na YouTube ne, tsayar da ita idan gajeren bidiyo ne. Ɗauki gwajin daƙiƙa 20 ka saurara da abin kunne kafin ka naɗi dukan darasin.

Gargaɗi: kada ka sa kiɗa a ƙarƙashin magana. Yana danne sautukan da ake son a ji, kuma idan mai haƙƙin mallaka ne, na'urar YouTube za ta gano shi.

7. Ɗora shi yadda za a amfana

Tabbatar da asusunka da lambar waya, in ba haka ba YouTube ba zai karɓi bidiyon da ya wuce minti 15 ba, kuma ba zai bar ka ka sa hoton bango na kanka ba. Akwai zaɓi uku na wanda zai gani. "Public" na kowa ne. "Unlisted" sai mai adireshin, shi ya dace da ɗalibanka masu biya, amma ka sani duk wanda aka tura wa adireshin zai iya kallo. "Private" sai wanda ka gayyata da imel ɗinsa.

Rubutun ƙasan bidiyo da YouTube yake samarwa da kansa yana kuskure, kuma ɗalibi zai haddace kuskuren yana zaton daidai ne. Shiga ka gyara shi layi-layi, minti goma ne aikin. Sa lokutan sassa a bayanin bidiyon, ka fara da 00:00, aƙalla guda uku, don mai son komawa atisaye ya tafi kai-tsaye. Jera bidiyoyin bisa mataki, na A1 daban, na A2 daban, da lamba a kan kowanne.

Idan don yara ka yi bidiyon, dole ka nuna haka a lokacin ɗorawa, kuma YouTube zai rufe sashen sharhi. Game da kuɗin talla kuwa, cikakken shiga tsarin yana buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kada ka gina lissafinka a kansa. Amfanin tashar a shekarar farko shi ne ta kawo maka ɗalibai ta kuma rage maka maimaita bayani.

8. Tsara darasin kai-tsaye

Tura bidiyon bayani kwana biyu kafin darasi. Ga yadda za a raba minti 50:

Minti 5, gaisuwa da hira a kan abin da ya faru da shi a makon. Minti 5, bitar kalmomin darasin baya, shi zai sa su a jimla. Minti 10, duba ko ya fahimci bidiyon, da atisaye mai iyaka. Minti 20, aikin magana na gaske: ya yi kamar yana amsa tambayoyin neman aiki, ya kwatanta hotuna biyu, ya ba da labarin wata tafiya, ya kare ra'ayinsa. Minti 7, gyaran kurakurai. Minti 3, aikin gida. Idan Zoom na kyauta ne, matse shi zuwa minti 35, ko ka sa hutun darasin ya faɗo daidai lokacin yankewa. Yara ƙanana kuma minti 25 ya ishe su, a riƙa canza aiki duk bayan minti uku ko huɗu.

Burin shi ne ɗalibi ya ci kashi biyu cikin uku na maganar. Abu uku suke hana haka.

Na ɗaya, tsoron shiru. Tsakaninku akwai jinkirin layi, ga shi kuma yana harhaɗa jimla a kansa. Malami ya yi tambaya, ya ji shiru na daƙiƙa biyu, sai ya sake tambayar da wasu kalmomi, ɗalibi ya koma fassara sabuwar tambaya daga farko. Yi tambaya sau ɗaya, ka ƙirga biyar a zuci.

Na biyu, "Do you understand?" Amsarta kullum "yes" ce, ko an gane ko ba a gane ba, saboda kunya. Yi tambayar da sai an fahimta za a iya amsa ta. Idan ka koyar da "I used to live in Cairo", tambaye shi: "Do I live in Cairo now?" Idan ya ce a'a, ya kama.

Na uku, dogon umarni. Ba da umarni da gajerun jimloli, rubuta shi a takardarku, yi misalin farko da kanka, sannan ka koma gefe.

Riƙa kallon ramin kyamara lokacin da kake magana. Idan hoton ɗalibi kake kallo, shi gani yake kana kallon ƙasa. Jawo hotonsa zuwa saman allo kusa da kyamarar, sai abin ya zo da sauƙi.

9. Amfani da bidiyon wasu a cikin darasi

British Council, BBC Learning English da TED-Ed suna da kaya masu kyau, YouGlish kuma yana nuna maka kalma ɗaya a bakin mutane daban-daban. Zaɓi guntu na minti ɗaya zuwa uku, ka kalle shi tukuna daga farko har ƙarshe.

Kafin kallo, koyar da kalmomi huɗu ko biyar waɗanda in babu su ba za a gane komai ba, ka ba da tambaya ɗaya mai sauƙi: su wane ne, me ke damunsu? Kallo na farko ba rubutun ƙasa. Kallo na biyu da tambayoyi uku ko huɗu na ƙwaƙƙwafi. Na uku da rubutun Turanci a kunne, kana tsayarwa inda aka haɗiye kalmomi, ya saurara ya maimaita. Idan maganar ta yi sauri, rage gudun zuwa 0.75, ƙasa da haka sautin yana lalacewa. Bayan nan a rufe bidiyon, ya ba da labarin da bakinsa ko ya ɗauki matsayin ɗaya daga cikin masu maganar.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne bidiyo yana tafiya, malami yana ji, ɗalibi ba ya jin komai. A Zoom sai ka danna "Share sound" lokacin nuna allo. A Google Meet, nuna shafin burauza ɗin da bidiyon yake ciki ka tabbata an kunna sautinsa. Idan layin ɗayanku ba shi da ƙarfi, tura masa adireshin ya kalla a wurinsa da makirufo a kashe. Kuma kada ka yanki fim ko shirin wani ka ɗora a tasharka, nuna wa ɗalibi inda yake kawai.

10. Gyaran kuskure da furuci

Gyara iri biyu ne, kuma lokacinsu daban. Lokacin atisayen ƙa'ida, gyara nan take, amma ka bar shi ya gyara da kansa. Ya ce "Yesterday I go to the office", sai ka ɗaga gira ka nuna bayan kafaɗarka da babban yatsa. Yawanci zai ce "went" ba tare da ka furta komai ba. Alamun hannu su tsaya kusa da fuska don kada su fita daga hoto.

Lokacin aikin magana kuwa, kada ka katse shi. A bidiyo katsewa ta fi ciwo, domin muryarka tana danne tasa, jinkiri kuma yana sa ku yi ta karo. Rubuta jimlolin da ya kuskure a gefe. A ƙarshe zaɓi uku zuwa biyar, waɗanda suke ɓata ma'ana ko suke maimaituwa, ka sa su a takardarku ya nemo gyaran. Haɗa da jimla ɗaya ko biyu da ya yi daidai. Wanda aka jera wa kuskure ashirin a zama ɗaya, mako mai zuwa bakinsa a rufe zai zo.

Furuci yana bin harshen uwa. Balarabe yakan haɗa "p" da "b", Bajapane "r" da "l", mai jin Sifaniyanci "b" da "v", Bahaushe "p" da "f". Yi aiki da kalmomi biyu masu bambancin sauti ɗaya: "pan" da "fan", "ship" da "sheep". Kunne ne farko: ka furta ɗaya, ya ɗaga yatsa ɗaya ko biyu. Sai ya iya bambancewa da ji sannan a koma baki. Matso kusa da kyamara ya ga leɓɓa sun haɗe a "p", haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa a "f". Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, za ta yi tsalle a "pan". Shi ma ya gwada a wurinsa. Kada a manta da nauyin gaɓa, domin sa nauyi a inda bai dace ba a kalma irin "hotel" ko "develop" yakan hana a gane mutum fiye da kuskuren harafi.

11. Idan rukuni ne

Mutum huɗu zuwa shida ne daidai, kuma matakinsu ɗaya. Kira suna kafin tambaya ko bayanta, amma kada ka jefa ta a iska, ko dai kowa ya yi shiru ko mutum ɗaya ya cinye darasin. Maimaitawa baki ɗaya ba ta yiwuwa saboda jinkirin kowa daban, sai su kashe makirufo su maimaita, sannan ka ɗauki ɗai-ɗai. Ƙananan ɗakuna mutum biyu-biyu, minti biyar zuwa bakwai, umarni a rubuce kafin su tafi, kai kuma kana zagayawa kana saurare.

Gargaɗi: kada ka naɗi darasi sai da yardar kowa, yara kuma sai da yardar iyaye a rubuce. Saƙonni da jadawali su bi ta hannun iyayen, kuma fuskar ɗalibi kada ta fita a talla ba da izininsa ba.

12. Kuɗi da lokaci

Awa ɗaya ta darasi tana jan minti 20 zuwa 30 na shiri da duba aikin gida. Haɗa wannan, da kuɗin intanet, da kamashon dandali, da abin da kamfanin tura kuɗi zai cire, kafin ka yanke farashi. Preply, misali, yana riƙe kuɗin darasin gwaji gaba ɗaya, sannan kamashonsa yana farawa daga kashi 33 cikin ɗari yana sauka zuwa 18 yayin da awanninka suke ƙaruwa. Tabbatar cewa hanyar biyan, ko PayPal ko Payoneer ko Wise, tana aiki a ƙasar da kake kafin ka koyar da darasi ko ɗaya. Janye ɗalibin dandali zuwa waje kuma ya saɓa wa sharuɗɗansu, ana rufe asusu a kansa.

Ga ɗaliban kanka, sayar da darasi biyar ko goma a dunƙule, a biya kafin a fara. Rubuta ƙa'ida: wanda zai fasa ya sanar awa 24 kafin lokaci, in ba haka ba darasin ya ƙirgu. Idan daga wurinka matsalar ta zo, ka rama masa.

Tura gayyata ta Google Calendar, ita take juya lokaci zuwa agogon kowa. Amurka tana canza agogo a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba, ƙasashen Turai kuma a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, saboda haka a waɗannan makonni sake tabbatar da lokaci da kowane ɗalibi.

13. Auna ci gaba

Ɗalibi ba ya jin ci gabansa, shi ya sa da yawa suke karaya a wata na biyu ko na uku. A darasin farko, da izininsa, naɗi minti biyu yana magana a kan batu ɗaya, misali aikinsa. Bayan darasi goma ba shi batun nan dai, ka sake naɗa, ku saurari biyun tare. Ku duba yawan tsayawa, tsawon jimloli, da ko kurakuran da ke cikin takardarku sun ragu.

Kai ma auna kanka da irin wannan. Sau ɗaya a wata ɗauki minti goma daga tsakiyar wani darasi da ka naɗa, riƙe agogo, ka ƙirga minti nawa kai ka yi magana, minti nawa shi ya yi. Idan naka ya wuce huɗu, nemo bayanin da ya ci lokacin, ka mayar da shi bidiyo na minti biyar, ka tura masa kafin darasi na gaba.